Zauren Iyali: Jirgin Takarda da Ilmin da Ke Cikinsa

Duk mazaunin Nima ko Maamobi ya saba da ƙugin jiragen da ke tashi da sauka a filin jirgin saman Accra. 'Ya'yanmu kan ɗaga kai su bi su da kallo, amma kaɗan ne ke kawo wa ransu cewa wata rana su ne za su tuƙa su ko su gyara su. In an zo zaɓen fannin karatu lokacin jarrabawar BECE, sai tsoron lissafi ya kore su daga kimiyya.

To, ga wata dabara da ba ta cin ko sisi. Idan yaro ya ninke takarda ya yi jirgi, kada mu yi masa tsawa. Mu ba shi tsofaffin takardu, amma a duba tukuna kada a haɗa da mai ɗauke da aya ko sunan Allah. A ja layi a farfajiyar makaranta, ya jefa sau uku, ya auna nisan da taku, ya rubuta. Sa'an nan ya sauya abu ɗaya tak, ya sake jefawa. In jirgin ya cilla sama ya tsaya cak ya faɗo, goshinsa na bukatar ƙarin ninki don ya yi nauyi. In kuwa ya dulmiya ƙasa, a ɗan ɗaga bayan fukafukan. Rubutun nan shi ne ya raba gwaji da wasa, don haka kada a ɗauke masa shi.

Haka magabata suka yi. A 1901 'yan'uwan nan Wright na Amurka sun gwada ƙananan fukafukai wajen 200 cikin akwatin hura iska, kafin jirginsu ya tashi a 1903, na daƙiƙa 12 kacal. Tun a ƙarni na 9 kuwa Abbas bin Firnas na Andalus ya ɗaura fukafukai ya gwada tashi. An ruwaito cewa rashin wutsiya ne ya sa ya ji rauni wajen sauka.

Kada kuma a tura 'yan mata madafa a bar maza da jifa. A 1964 Melody Danquah ta tuƙa jirgin sojan saman Ghana ita kaɗai. Jami'ar KNUST da ke Kumasi tana koyar da injiniyancin jiragen sama, kuma ba ta karɓar ɗalibi sai ya ci lissafi da fiziks da kemistiri a WASSCE.