Masu cewa Alabama ta riga ta gama da Jojiya, ku matso mu yi magana

Tun ranar 4 ga Disamban 2021 ban huta ba a hostel ɗinmu na 'yan masta. Duk wanda ya gan ni a bakin famfo ko wajen mai shayi sai ya ce "41 da 24", ya yi dariya ya wuce. Har waɗanda ba su taɓa kallon ƙwallon Amurka na minti biyar ba sun haddace lambar, saboda abokin ɗakina ya mayar da ita waƙa. Shi ne ya koya min kallon wasan nan shekara huɗu da suka wuce, yanzu kuma shi ne babban mai min tsiya.

Ga waɗanda ba su san zancen ba: ƙwallon jami'o'in Amurka nake nufi, wadda ake jifa da hannu ana karo da juna. Ranar Litinin 10 ga Janairun 2022 jami'ar Alabama da jami'ar Jojiya za su buga wasan ƙarshe na ƙasa a Indiyanapolis, wajen ƙarfe biyu na daren wayewar Talata a agogonmu. Wata guda da ya wuce sun haɗu a Atlanta, Alabama ta ci 41 da 24. To wai shi ke nan, an gama. Ni na ce Jojiya ce za ta ɗauki kofi, kuma ga dalilina.

Abin da ya fi ba ni haushi, masu wannan maganar duk ɗaliban bincike ne. Malam, in ka kai wa sufabaizarka samfuri ɗaya ka ce ka yanke hukunci, wallahi da jan biro za ta raka ka har ƙofa. Kafin wasan ƙarshe Jojiya ta buga wasa 14 a kakar 2021. A 13 daga ciki babu wanda ya ci ta sama da maki 17. A wasanni 12 na farko gaba ɗaya maki 83 aka ci ta. Ku kun bar 13 kun rungume ɗaya, don ita ce ta yi muku daɗi.

Ban ce wancan wasan tsautsayi ba ne. Alabama ta yi wasa, kuma na san inda aka yi wa Jojiya illa. Bryce Young, mai jefa musu ƙwallo a kakar 2021, ya jefa ta yadi 421, kuma ko sau ɗaya Jojiya ba ta kayar da shi da ƙwallo a hannu ba. Nan ne duk matsalar take. Mako guda kafin nan, Auburn ta kayar da wannan yaron sau bakwai, sai da aka je ƙarin lokaci har huɗu kafin Alabama ta sha da ƙyar, 24 da 22. Yanzu don Allah, Auburn ta fi Jojiya ƙartin gaba ne? Jojiya mai Jordan Davis da Nakobe Dean? Abin da ya faru shi ne sun bar Young ya tsaya ya zaɓi wanda zai jefa wa kamar mai zaɓen tumatir a kasuwa. Wannan kuskuren tsari ne, kuma tsari ana gyara shi cikin wata guda. Ina sa ran wannan karon za su riƙa turo mutum na biyar daga inda bai zata ba, su hana shi sakat.

Sai maganar da abokin ɗakina ba ya so a tayar: John Metchie. Ya ji rauni a gwiwa a wancan wasan, ba zai buga ba. A Disamba, in ka sa mutum biyu a kan Jameson Williams, Metchie zai cinye ka a ɗaya gefen. Yanzu Williams ne kaɗai babban abin tsoro. Shi ya ci yadi 184 a Atlanta, na sani, amma gadin ɓarawo ɗaya ba kamar gadin biyu ba ne. Wani zai ce ai Brian Robinson ya yi gudun yadi 204 a kan Cincinnati. Gaskiya ne. Sai dai Cincinnati daban, bangon Jojiya daban. In Alabama ta ce da gudu za ta ci wasan nan, ni ma abin da nake addu'a ke nan.

Kuma ku tuna halin da kowa ke ciki a Disamba. Alabama ta riga ta sha kashi a hannun Texas A&M, in ta sake faɗuwa kusan an yi waje da ita. Jojiya ko ta faɗi tana cikin huɗun ƙarshe. Mai gudun ceton rai da mai gudun motsa jiki ba ɗaya ba ne. Ranar 31 ga Disamba kun ga yadda Jojiya ta huce a kan Michigan, 34 da 11.

Hujjarku mai ƙarfi guda ce, kuma ba zan ɓoye ta ba: Nick Saban. Kirby Smart, kocin Jojiya, yaronsa ne, a ƙarƙashinsa ya yi shekaru yana kula da masu tsaron baya. Zuwa Disamban 2021 sau huɗu suka haɗu, sau huɗu Saban ya ci, kuma a dukkan huɗun Jojiya ta taɓa kasancewa a gaba. Na Janairun 2018 har yau yana min ciwo, 26 da 23 a ƙarin lokaci. Amma tunda tarihi kuke so, ga tarihi. A Nuwamban 2011 LSU ta doke Alabama 9 da 6. Da suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe a Janairun 2012, Alabama ta yi mata 21 da nema. Wato shi kansa Saban ɗinku ne ya nuna wa duniya cewa wanda aka kayar ya fi sanin abin da zai gyara. Wanda ya ci kuwa, me zai canza? Kuma camfin nan na cewa yaran Saban ba sa cin sa, Jimbo Fisher ya karya shi a Oktoba, 41 da 38.

Tsorona ɗaya Stetson Bennett ne. A Atlanta sau biyu ya miƙa wa Alabama ƙwallo, ɗaya ma Jordan Battle ya ruga da ita har gida. In Smart ya bar shi yana jifa sau arba'in da wani abu yana tsere da Young, mun shiga uku. A ba Zamir White da James Cook ƙwallo su yi ta nika, a nemi Brock Bowers a tsakiya, Bennett ya yi abin da aka sa shi kawai, ya kuma kauce wa Will Anderson. Masu kiran a sako JT Daniels su yi haƙuri, ba a canza direba a kan gada.

Hasashena: wasan zai yi tauri, rabin farko maki kaɗan, Jojiya ta ɓalle a zangon ƙarshe. Jojiya 27, Alabama 20. Kofinsu na farko tun 1980.

Ba caca nake ba, alkawari ne ni kaɗai na ɗauka: in Alabama ta ci, duk 'yan layinmu su bi ni Sabo ranar Juma'a, tsire a kaina, duk da kuɗin buga babi na uku ne zan taɓa. Ina da gabatar da takarda ƙarfe tara na safiyar Talata, amma na riga na cika fawabank, na sayi data. Malam Alabama, ka ajiye wannan rubutun, kar ka ce ban faɗa ba.