Don Me Ɗan Boko Ke Jin Kunyar Zarto?

A lokacin hutun ƙarshen zango wani abokin aikina ya kawo mini ziyara, ya tarar da ni a gareji riƙe da zarto, garin katako ya yi mini furfura har gira. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Haba Dokta! Albashin ne ya gaza har ka koma kafinta?" Muka yi dariya muka rabu. Amma maganar ta tsaya mini a rai, domin a cikin wasa ya faɗi abin da yawancinmu 'yan boko muka yarda da shi: wai wanda ya yi karatu mai zurfi ya fi ƙarfin ya taɓa guduma.

Abin da nake haɗawa shi ne akwatin wasan bidiyo na tsaye, irin wanda a da ake jefa wa kwandala a gidajen wasa na Amurka da Japan. Tarihinsa ma yana da alaƙa da katako. A shekarar 1972 injiniyan kamfanin Atari, Allan Alcorn, ya saka ƙaramar talabijin mara kala cikin akwatin katako, ya haɗa wasan Pong, aka ajiye shi a wata mashaya a garin Sunnyvale na jihar Kalifoniya. Ba a daɗe ba aka kira shi wai na'urar ta lalace. Da ya buɗe sai ya tarar kuɗi ne suka cika ma'ajiyar har suka toshe ta. Daga nan kasuwa ta buɗe: kamfanin Taito ya fito da Space Invaders a 1978, Namco ya biyo da Pac-Man a 1980, Nintendo kuma da Donkey Kong a 1981. Sannu a hankali na'urorin wasa na gida suka ci kasuwar, gidajen wasa da yawa suka rufe.

A 1997 wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya fitar da manhajar MAME, wadda ke sa kwamfuta ta kwaikwayi injinan waɗancan tsofaffin akwatuna, don kada wasanninsu su ɓace. Sai aka ga abin mamaki. Mutanen da wasan ya riga ya zo musu kan tebur ba su gamsu ba. Suka shiga gareji suka kama yankan katako don su gina wa wasan jikinsa na asali. Da ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi ta fito a 2012 a kan dala 35, abin ya ƙara sauƙi, ya bazu ko'ina.

Mai karatu zai so ya san yadda ake yi. Ana zana gefe ɗaya na akwatin a kan katakon MDF, wato garin katako da aka cuɗa da gam aka danne, mai kaurin kusan milimita 18. In an yanka gefen farko, da shi ake fitar da na biyu don su zo daidai. Babban akwati yakan kai kusan ƙafa shida; akwai kuma ƙarami da ake ɗorawa kan tebur, wanda shi na zaɓa. Sai a haɗa bango da bango, a kafa allon kallo a ɗan karkace, a huda gurbin sandar sarrafawa da na maɓallai, a ja wayoyinsu zuwa wani ƙaramin allon lantarki da ke isar wa kwamfuta saƙon kowace dannawa. Ƙurar MDF tana da illa ga huhu, don haka sai da takunkumi, kuma katakon ba ya shiri da danshi, sai an rufe shi da fenti sosai.

A nan ne digirina ya gamu da gamonsa. Maɓallan Amurka suna son rami mai faɗin milimita 28, na Japan kuwa 30. Ni da na sayi na Japan, na zauna na huda ramuka goma sha biyu a kan awon Amurka. Ko ɗaya bai shiga ba. Dole na ɗauki allon na kai wa wani dattijon kafinta a unguwarmu. Ya jujjuya shi, ya yi murmushi, ya ce, "Malam, ai ba a huda kafin a gwada a kan guntu." Cikin rabin sa'a ya nuna mini abin da mako biyu na karatun zane bai koya mini ba. Gaskiyar Bahaushe, kowa ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara.

Darasin da na ɗauka shi ne, katako ba ya karɓar uzuri. Mu da sana'armu magana ce da rubutu, muna iya lulluɓe kuskure da daɗin baki, mu kare maƙala mai rauni a gaban taro har a tafa mana. Amma ramin da ya gaza da milimita biyu ba ya jin hujja, ba ya kuma sanin muƙami. Matthew Crawford, Ba'amurken da ya yi digirin digirgir a falsafar siyasa a Jami'ar Chicago sannan ya buɗe shagon gyaran babura, ya yi irin wannan bahasi a littafinsa Shop Class as Soulcraft na 2009: aikin hannu aikin tunani ne, kuma raba su da tsarin ilimi ya yi hasara ce.

Mu ma mun taɓa gane haka. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya sa darasin gabatar da fasaha a ƙaramar sakandare, har da aikin katako da na ƙarfe. Aka shigo da injina daga ƙasashen waje, amma a makarantu da dama suka tsufa cikin akwatunansu saboda rashin wuta da rashin malamai. Sai dai ina ganin akwai dalili na uku da ba mu cika ambata ba, wato mu iyaye. Wanne ne a cikinmu ya taɓa yin alfahari da cewa ɗansa ya fi kowa iya fere katako a aji? Harshenmu ma shaida ne: in aka ce yaro "an kai shi koyon sana'a", abin da kunne ke ji shi ne boko ya gagare shi. Alhali hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi, kafinta ne.

Na san za a ce duk wannan wahala a kan wasan yara? Kuma mutumin da ke neman na cefane ina ya ga lokacin nishaɗi da katako? Maganar tana da nauyi, shi ya sa da masu hali nake, waɗanda ke iya ɓata yammaci guda a majalisa ko a kan waya. Akwai kuma batun haƙƙin mallaka: yawancin tsofaffin wasannin har yanzu na kamfanoninsu ne, don haka mai gaskiya zai tsaya ga waɗanda aka sake kyauta ko waɗanda ya saya. Amma ni ba wasan nake tallatawa ba. In akwatin wasa bai kwanta maka ba, haɗa kantar littattafai, ko benci, ko akurkin kaji. Abin nema shi ne ɗanka ya gan ka kana awo, kana kuskure, kana gyarawa.

Akwatina dai ya tashi, duk da gefensa ɗaya ya ɗan karkace. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne, 'yata mai shekara goma sha ɗaya, wadda ta riƙe mini tef ɗin awo tun daga farko, ta yi wasan kwana biyu ta gaji, ta dawo tana tambaya, "Baba, me za mu haɗa kuma?" Abokin aikin nan nawa kuwa, na aika masa da gayyata. Akwai zarto na biyu yana jiran sa. Allah Ya sa mu dace.