Ƙwallon hannun da Haaland ya bari

Duk ranar da Manchester City ke wasa, magana ɗaya ce ke yawo a gidajen kallon ƙwallo: wai Erling Haaland inji ne, haka aka halicce shi. Ban ƙi ba, baiwa ta Allah ce, kuma jiki gadonsa ya yi. Mahaifinsa Alf-Inge ya buga wa Nottingham Forest da Leeds da City, mahaifiyarsa Gry Marita Braut kuwa gwana ce a guje-guje da tsalle-tsalle. Sai dai 'ya'yan 'yan wasa da suka gaji jiki suna da yawa, kuma yawancinsu ba a jin ɗuriyarsu. Ni abin da na fi so a duba shi ne renon da aka yi masa.

A Leeds aka haife shi a 2000, amma a Bryne ya tashi, wani ƙaramin garin manoma a kudu maso yammacin Norwe. Can ya yi guje-guje, ya yi gudun kan dusar ƙanƙara, ya kuma daɗe yana ƙwallon hannu, bai bar ta ba sai wajen shekara 14. Kada a ɗauka wasan rage lokaci ne. A Norwe ƙwallon hannu tana da daraja ƙwarai, matan ƙasar sun ci zinaren Olamfik a 2008 da 2012 da 2024. Yaro mai tsayi da ƙarfi irinsa, da can ya karkata, da hannu biyu za a karɓe shi.

Duk wanda ya taɓa kallon wasan ya san yadda ake cin ƙwallo a cikinsa. Mai jefawa yakan daka tsalle daga bakin layin mita 6, masu tsaro na bangazarsa, kuma dole ya saki ƙwallon kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Nan ake koyon sarrafa jiki a sama da jure turereniya. Ku sake kallon ƙwallon da Haaland ya ci tsohuwar ƙungiyarsa Dortmund a Satumban 2022, yadda ya tashi ya miƙa ƙafar hagu sama ya karkatar da bugun abokin wasansa Cancelo cikin raga. A ganina, jikin da ya saba da wasa fiye da ɗaya ne ke iya wannan.

Kuma tsari ne ya ba shi damar. Tun 1987 hukumar wasannin Norwe ta kafa ƙa'idojin wasannin yara. Ba a jera sunayen yara daga na ɗaya zuwa na ƙarshe sai a shekarar da za su cika 11, ba sa shiga gasar ƙasa sai sun kai 13, kuma yaro na da 'yancin yin wasanni iya yawan da yake so. A Bryne, kocin su Haaland, Alf Ingve Berntsen, ya riƙe yara kusan 40 tsawon shekaru, gwani da wanda bai iya ba duk tare, bai sallami kowa ba. Garin na da filin ciyawar roba mai rufi, yaran kan cika shi a ƙarshen mako su yi ta bugawa, babu babba a kansu.

Ga abin da masu cewa inji ne ba su cika tunawa ba. Yana ɗan shekara 15 aka saka shi a babbar ƙungiyar Bryne a 2016, ya buga wasa 16 a gasa bai ci ko ɗaya ba. A wuraren da ake auna yaro da ƙwallayen da ya ci a bana, da tuni an ce ya nemi wata sana'a. Ƙungiyar Molde ta ɗauke shi a 2017, kocinta Ole Gunnar Solskjaer ya yi haƙuri da shi. Sauran labarin kowa ya sani: ƙwallo 9 a ragar Honduras a 2019, Salzburg, Dortmund, sai 36 a kakarsa ta farko a Firimiya.

Za a ce Norwe na da arzikin mai, mutanenta kuma ba su kai miliyan 6 ba. Gaskiya ne, fili mai rufi kuɗi ne. Za a kuma ce tsarin bai hana mazan ƙasar shafe fiye da shekara 20 bayan 2000 ba su je babbar gasa ba. Wannan ma gaskiya ne. Amma barin ɗan shekara 9 ya yi wasa biyu ko uku ba ya cin ko sisi, haka ma ƙin korar wanda jikinsa bai gama girma ba. Takaicina yana kan kocin da ke ce wa yaro ya zaɓi ɗaya tun bai san abin da jikinsa zai iya ba. Cikin yaran nan na Bryne, 'yan kaɗan ne suka zama ƙwararru, amma mafi yawansu sun ci gaba da buga ƙwallo har suka zama samari, kuma ina ƙirga wannan cikin nasarar Berntsen kamar yadda nake ƙirga Haaland.