A yanke lada tun farko, tukwici ya biyo baya

Batsari da Safana ba garuruwan manyan otal-otal ba ne. Baƙon da ke neman masauki irin wannan yakan kwana a Katsina ko Dutsin-Ma. Amma masu hidimar da ke rayuwa da abin da hannun mutane ya miƙo musu suna nan birjik: ɗan dako a bakin kasuwa, ɗan ga-ruwa, yaron mai shayi, wanzami, mai wankin hula, da yarinyar da ke wanke kwanuka a rumfar mai abinci. Yawansu ya ƙaru tun da rashin tsaro ya tashi ƙauyukan gefen dajin Rugu, manoman da suka saba cika rumbu suka dawo cikin gari suna neman na cefane. Wasunsu sun gangara har Katsina, su ne ke share ɗaki da gadin ƙofa a masaukan baƙi. Ra'ayina shi ne mutanen nan sun cancanci tukwici, amma tukwicin ba zai amfane su ba sai an fara yanke musu ladan aikinsu a fili.

Matsalar tana cikin wata magana da muka ɗauka ladabi ce. Ka tambayi ɗan dako nawa zai kai maka buhun masara tasha, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, duk abin da ka bayar." Buhun nan yakan kai kilo 100, kuma a gadon bayansa zai ɗauka, yana ratsa cunkoso da rana tsaka. Idan ya sauke, aka miƙa masa abin da bai kai kuɗin kwanon tuwo ba, ba shi da bakin magana, domin shi ya bar zaɓi a hannun mai kaya. Ba don ya ƙoshi ya faɗi haka ba. Ya san akwai wasu goma a bayansa da ke jiran wannan buhun, kuma wanda ya baro gonarsa da dabbobinsa ba ya da ƙarfin ciniki. Haka ɗan ga-ruwa da ke tura kura cike da jarkoki masu lita 25 a cikin yashi, a ce masa ya zuba, "za a gani." A nan haƙƙi ya rikiɗe ya zama alfarma, mai bayarwa kuma yana jin ya yi kyauta alhali bashi ya biya, wani lokaci ma bai biya duka ba. Malaman fiƙihun Malikiyya da muke bi sun sharɗanta cewa ladan ƙwadago ya zama sananne, ko ta hanyar yarjejeniya ko ta farashin da kowa ya sani a gari. Yau da farashi ke sauyawa kowane wata tun bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, wannan sanannen farashi ya ɓace, don haka dole a faɗa da baki.

Doka ma ba ta isa wurinsu ba. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai hau kan wanda ke da ma'aikata ƙasa da 25 ba, kuma kusan duk masaukan baƙi da gidajen abincin yankin nan ƙanana ne. Abin da ya rage musu shi ne adalcin ubangida da na mai sayen hidima.

Wasu za su ce ba ma'aikacin otal wani abu bayan an biya kuɗin ɗaki ɗabi'ar Turawa ce. Amma Bahaushe ya daɗe yana ba ɗan aike tukwici, yana ba mai albishir goro, mai awo kuma yana yi wa mai saye gyara. Abin da ya kamata mu guje wa daga waje shi ne tsarin Amurka, inda dokar tarayya ta yarda a biya mai kawo abinci dala 2.13 a awa, adadin da bai motsa ba tun 1991, a kan cewa baƙi za su cike gurbin. Da zarar mai otal ya fara lissafa abin da baƙi ke ba yaransa cikin albashinsu, kyautar ta koma aljihunsa. Shi ya sa ya fi kyau a damƙa wa mai share ɗakin a hannunsa, domin kuɗin hidima da wasu otal-otal ke ƙarawa a takardar biya ba lallai ya iso gare shi ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne tsoron cin hanci, kuma yana da tushe, tunda a ƙasar nan an saba lulluɓe rashawa da sunan "na goro". Sai dai iyakar a bayyane take. Abin da aka bayar kafin aiki don a tsallake layi, ko aka miƙa wa ma'aikacin gwamnati a ofis, a asibiti ko a shingen hanya don ya yi abin da ake biyansa albashi a kai, rashawa ce komai ƙanƙantarsa. Abin da aka ba lebura bayan ya gama, ba tare da ya roƙa ba, bai tauye haƙƙin kowa ba.

Akwai kuma mai cewa kowa na cikin matsi, ina za a samu ƙari? Wanda ba shi da hali ba a ɗora masa komai ba sai ladan da aka yanke. Maganar ƙari tana kan ɗan kasuwar da ya loda mota da hatsi, da jami'in da ya zo aiki daga Katsina da kuɗin alawus a aljihu, da mai biki da ya tara masu girki tun asuba. Shugabannin kasuwa da na 'yan dako a Batsari, Ruma, Runka da Safana za su iya zama su tsayar da kuɗin ɗaukar buhu gwargwadon nisa, su riƙa sabunta shi idan kaya sun tashi, kamar yadda ƙungiyoyin direbobi ke yi da kuɗin mota a tasha.