A Kafa Tukunya Ɗaya A Bakin Kara



Duk wanda ya taɓa sauke shanu a Gadarif ya san garin dawa ne da riɗi, rumbun Sudan ke nan. To amma tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum ran 15 ga Afrilun 2023, garin ya ga abin da bai saba gani ba. Wad Madani ta faɗi a Disambar wannan shekara, Sinja ta bi baya a tsakiyar 2024, mutane suka yi ta kwararowa har makarantu suka koma masauki, ga kuma 'yan Habasha da aka sauke a sansanin Um Rakuba tun 2020. Sojoji sun karɓe Madani a Janairun 2025, da yawa sun koma gida, amma ba kowa ke da gidan komawa ba.

Abin da ya riƙe rayuka shi ne takiyya, wato tukunyar unguwa, al'adar da aka gada daga zawiyoyin shaihunai: a dafa wake ko asida, duk wanda ya zo da kwano a zuba masa. Matsalarta ɗaya, kuɗin yawanci daga waje yake zuwa. Da Amurka ta tsayar da tallafinta a farkon 2025, irin waɗannan wuraren girki fiye da 1,000 suka rufe a faɗin ƙasar.

Shi ya sa muke ganin ya kamata ƙungiyarmu ta kafa tata takiyyar a bakin kara, da abin da ke hannunmu. Mu dubi sana'ar tamu mana. Saniya ta karye a mota tsakanin nan da Galabat, mu sayar wa mahauci a wulaƙance don kada a yi asarar duka. Kai da ƙafa, tumbi da ƙashi, wani lokaci har yamma ba a gama sayar da su ba, rana kuwa ba ta jira. Waɗannan ai romo ne. Manoman da muke sayen karan dawa a gonakinsu bayan girbi, in muka je da fuskar ƙungiya, da wuya su hana mu buhu.

Akwai sharaɗi, kuma a nan za mu tsaya da ƙarfi. Dabbar da ta karye daban, mai ciwo daban. Abin da likitan dabbobi bai duba ba kada ya shiga tukunya, domin mai yunwa ba shi da kuɗin asibiti. Kuɗin itace da mai da gishiri a cire shi daga la'ada, ɗan kaɗan a kan kowane kai, a rubuta a littafi, a karanta a gaban kowa duk wata. Mun san yadda asusun taimako ke narkewa in an bar shi a aljihun mutum ɗaya. Sannan kada a ɗauki hoton kowa da waya. Cikin masu riƙe da kwanon nan akwai waɗanda shekaranjiya su ke ciyar da wasu.

Wani zai ce mu ma kasuwar ta taɓa mu, hanya ta yi tsada, haraji ya yi yawa. Gaskiya ne, Alhaji. Amma Hausawan ƙasar nan, kakanninsu da ƙafa suka zo a hanyar Makka, abincin mutanen da ba su san su ba suka ci har suka zauna.

A fara da ranar kasuwa kawai, tukunya ɗaya. Muna roƙon shugabanni su sa maganar a taro mai zuwa, a gayyato mahauta su ma, tunda wuƙar tana hannunsu.