Madina ta girma, mu kuma muna sayar da gidajenmu

Jama'a, wanda ya ga cunkoson motoci da 'yan kasuwa a Zongo Junction yau, da wuya ya yarda cewa Madina ta taɓa zama ƙauye. A 1959 ne Alhaji Seidu Kardo ya jagoranci mutanensa bayan an tashe su daga Shiashie, kusa da filin jirgin saman Akra. Suka sare daji a ƙasar da sarkin La ya ba su, gefen ƙauyen Nkwantanang, suka raɗa wa wurin sunan birnin Manzon Allah (SAW). Kusanci da jami'ar Legon da hanyar Aburi ya jawo ma'aikata da 'yan haya, kasuwa ta bunƙasa, kowace ƙabila ta shigo. A 2012 yankin ya samu majalisar kansa, La Nkwantanang-Madina.

Alhamdu lillahi, wannan ci gaba ne. Abin da ke damuna shi ne, kakanninmu tashinsu aka yi, mu kuwa mu muke tashin kanmu. Maigida ya rasu, kafin sadakar arba'in dillalai sun fara zarya. A sayar da gida, a rushe, a jera shaguna. Magada su kama haya can Oyibi ko Dodowa, yara su yi nisa da makarantarsu da danginsu. Kuɗin gado kuwa, kun sani, ba ya daɗewa a hannu.

Wani zai ce ai rabon gado umarnin Allah ne. Haka ne, kuma ban yarda a danne haƙƙin kowa ba, balle na mata da marayu. Amma shari'a ba ta ce dole sai an sayar wa bare ba. Ana iya yi wa gida kuɗi, a fitar da kason kowa, a gina shaguna a gaba, a riƙa raba kuɗin haya. Wanda ya matsu, 'yan'uwansa su sayi kasonsa.

Sai maganar takarda. Gidan da shaidarsa ita ce "tsofaffi sun sani", ranar da tsofaffin suka kwanta dama rigima ta taso. Kowane iyali ya je hukumar filaye ya yi rajista tun ana zaman lafiya.

Na uku, wakafi. Mu malaman makaranta muna ganin yadda ake cusa yara a ɗaki ɗaya, ba filin wasa, ba wurin ƙara aji. Masu hali, in za a sayar da gida a unguwa, ku saya ku bayar wakafi don makaranta. Sadaka mai gudana ke nan.

Ina roƙon sarakunan zango da limamanmu su ɗauki wannan magana a huɗubar Juma'a da zaman rabon gado. Filin da aka sayar a Madina yau, wallahi jikokinmu ba za su iya sayensa ba. Allah Ya jiƙan magabata, Ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.