Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kamfanin BioWare

Ya ku magabatan BioWare da ke Edmonton, Kanada,

A wasan Dragon Age: Origins na 2009, kun bai wa ɗan wasa asali shida ya zaɓa, ya fara labarin jaruminsa daga gida, ko ɗan sarauta ko talaka, ya kuma juya kowane abokin tafiya a fagen daga.

A wasan Dragon Age: The Veilguard na 2024 kuwa, abokan tafiya a fagen daga sun koma biyu, ba a juya su kai tsaye, kuma zaɓi uku kacal aka ɗauko daga wasan da ya gabace shi, Inquisition.

Don Allah, a wasa na gaba ku mutunta zaɓinmu na baya, domin shi ya riƙe mu tare da ku.

Naku,
Mai ƙaunar wasanninku